Hanci da Rami na Uku

Shekara ashirin da shida ba a zuba wa saniya ko guda abinci a gonar nan ba sai matar nan ta shinshina tukuna. Daga nan ta samo sunanta. Tsofaffin ma'aikata suna ce mata Hanci kai tsaye, waɗanda suka zo daga baya suna sakayawa su ce Inna Hanci. Ita kuwa duk wanda aka kira amsawa take yi, don a wurinta ba tsokana ba ce, muƙami ne.

Gonar shanun madara ce a bayan gari. Shanu arba'in da 'yan kai, rumfuna biyu na kwano, ɗakin tatsa, sai ramuka uku dogaye da aka shafe da siminti. A ramukan nan ran gonar yake. Idan masara ta yi goyo, tun tana ɗanya shar, sai a sare ta da karanta da ganyenta da goyon gaba ɗaya, inji ya daddatse ta ƙanana, a zuba a rami, a bi a tattake har iska ta fita, a lulluɓe da baƙar leda, a danne da tsofaffin tayoyi. Bayan wata biyu ta yi tsami. Ita shanu ke ci idan ciyawa ta ƙare a fili. Ma'aikata suna kiranta ciyawar rami.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta fara zuwa gonar, da goyo a bayanta da adda a hannunta, cikin matan da ake ɗauka saran masara. Wata rana aka turo baro ta gabanta, ta kau da kai ta tofar da yawu. Tsohon da ke kula da ramuka a lokacin ya gani, ya ce, "Ke 'yar nan, me kika ji?"

Ta ce, "Baba, wannan warin tsumman da ya kwana a bokiti take yi."

Tsoho ya tona ƙasan baron, ya tarar da fumfuna fara fat. Tun daga ranar ya raba ta da adda. Ya koya mata ƙamshin mai kyau, tsami mai daɗi da ke sa yawu ya tsinke. Ya koya mata na wadda iska ta shiga, da na wadda ruwa ya kwanta wa, da na wadda ta yi zafi ta ƙone a cikin rami har take warin taba. Ya kuma koya mata wani abu guda da shi ma haka aka koya masa: wai duk ƙazantar da ta shiga rami, in dai an tattake da kyau, tsami zai kashe ta. Ta riƙe wannan magana da hannu biyu, ta kuma koya wa duk wanda ya zo bayanta.

Da tsoho ya rasu, ramuka suka dawo hannunta. Kullum da safe za ta yaye bakin leda, ta cusa hannu har gwiwa, ta damƙo, ta kai hanci, ta rufe ido. Masu baro suna tsaye suna jira. Magana biyu ce kawai gare ta. Ko ta ce, "A ba su," ko ta ce, "A zubar." Babu mai ɗaukaka ƙara.

Sau biyu likitocin dabbobi suna ba Mai Gona shawara ya riƙa aika ciyawar ɗakin gwaji ko sau ɗaya a shekara. Sau biyun dariya ya yi, ya nuna ta da sanda. "Ga ɗakin gwajinmu can yana yawo da ƙafa biyu. Ba ya cin wuta, ba ya cin mai." Kowa ya yi dariya, har da ita, har tana jin kanta ya ƙara girma. Amma a faɗi gaskiya, rashin imani ne. An ɗora lafiyar shanu arba'in a kan hancin mace guda, hancin da kullum yake cikin ƙurar inji da hayaƙin janareta, ko ƙyallen rufe fuska ba a taɓa saya masa ba. Cikin shekarun nan duka babu mahalukin da ya taɓa tambayar abin da za a yi ranar da hancin ya kwanta ciwo.

Da Mai Gona ya tsufa, ƙafa ta hana shi zagaye, sai ɗansa ya karɓi gona. Shi ake kira Manaja. Mutum ne mai waya biyu da takalmin roba wanda bai taɓa sanin taɓo ba. Ba mugu ba ne can can, gaggawa ce ta yi masa yawa, kuma bai iya jin kalmar a'a daga bakin wanda yake ganin a ƙarƙashinsa yake ba.

A kakar bara aka cika rami na ɗaya da na biyu lafiya lau. Ana shirin na uku inji ya mutu. An riga an sare masara, tana zube a fili, aka yi kwana huɗu ana jiran makaniki, ruwa kuma yana sauka a kanta ba ƙaƙƙautawa. Ranar da inji ya tashi, Hanci ta ɓare goyo guda, ta ga ƙwayoyin sun yi wani toka-toka, wasu ja-ja, wasu kore kamar an barbaɗa musu gari. Ta kai wa Manaja.

"Ranka ya daɗe, wannan ba ta shiga rami."

Ya duba goyon daga nesa, bai karɓa ba. "Inna, gona guda kike so in zubar? Ba ke kike cewa tsami yana kashe komai ba?"

Ita ta faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ta ce to a ƙara mutane wajen tattaka. Ya ce an riga an sallami 'yan kwadago. Su biyar suka tattake ramin da mutum goma sha biyu ke tattakewa, aka rufe, aka jera tayoyi.

Bayan wata guda mura ta kama ta, irin mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ta yi kwana shida a kwance, ta tashi. Ranar da ta fara jin ƙarfi tana zaune a tsakar gida tana tsintar wake, tukunya a kan wuta taku uku daga inda take, sai ga mijinta ya fito daga ɗakin ɗinkinsa a guje, tef a wuya, almakashi a hannu. Tela ne, mutum mai sanyin hali wanda bai cika ɗaga murya ba.

"Ke! Gidan za ki ƙona mana? Tun daga kan keke nake jin ƙauri!"

Ta juya ta ga hayaƙi baƙi yana tashi. Ba ta ji komai ba. Ta sauke tukunyar, ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ta buɗe galan ɗin kalanzir ta kai hanci. Shiru. Ta ɗauko sabulu, ta fasa albasa, ta zazzage kwalbar turaren mijin nata a tafin hannu. Idonta ya yi ruwa saboda albasar, amma hanci kamar an toshe shi da siminti.

Ta fito ta tsaya a bakin ɗakin ɗinki. "Malam, hancina ya tafi."

"Ya tafi ina? Ga shi nan a fuskarki kamar murfin buta."

"Ba wasa nake ba."

Da ya ga idonta, sai ya cire ƙafa daga kan keke. Ya ce mura ce, zai dawo. Ya ce gobe ta gaya wa Manaja, a nemi dabara kafin nan.

"In gaya masa me? Ka san abin da ake yi wa inji idan ya mutu a gonar nan? Bayan rumfa ake jefa shi, kaji su yi ƙwai a ciki. In ba hancin nan, ni wace ce a wurin? Tsohuwa mai ciwon gwiwa."

Sati ya wuce, wata ya wuce, hanci bai dawo ba. Ta sha tururin ganye, ta ɗiga magani, ta je asibiti aka ce ta yi haƙuri, wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa. Kullum da safe kuwa tana bakin rami, ta damƙo, ta kai hanci, ta rufe ido, ta ja numfashi yadda ta saba. A cikin rufe idon nan yatsunta ne ke aiki, suna laluben zafi da yauƙi. Kafin ta rufe kuma ta riga ta ƙare wa launin kallo. Rami na ɗaya da na biyu ba su ba ta kunya ba, don ta san yadda aka cika su. Wata huɗu tana wannan wasa, babu wanda ya gane. Amma duk safiya idan ta wuce rami na uku, sai ta ji kamar yana kallonta.

Ranar da aka kwashe shebur na ƙarshe a rami na biyu, ta jira aka watse, ta yaye gefen ledar na uku, ta damƙo, ta ƙulle a bakin zane ta kai gida. Ta kwance a kan teburin yanka, kan yadin wani bawan Allah.

"Malam, shinshina."

"Yadin mutane ne fa wannan!"

"Shinshina na ce."

Ya sunkuya, ya ja, ya yamutse fuska. "Wari."

"Wane iri?"

"Wari iri-iri ne?"

"Tsami mai daɗi ne, ko na tsumma, ko na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba?"

Ya sake ja, ya yi atishawa. "Wallahi ni dai kamar takalmina da damina. Amma ai kullum haka kike dawowa kina yi, shekara ashirin da shida ban taɓa faɗa ba ne kawai."

Da a ce wata ranar ce, da ta yi dariya har da buga cinya. Ranar nan zama ta yi a kan buhun ƙyallaye ta dafe kai. Ya ce mata, a hankali, "Maman yara, ki faɗa musu. Shanun nan ba su yi miki laifin komai ba." Ta ce gobe.

Gobe ta yi, masu baro suka jeru. A gabansu akwai Dogo, mai tatsa, wanda suka yi shekara goma sha tara suna aiki tare, suna zagin juna kamar 'yan uwa. Bakin ramin ya yi kyau a ido, ruwan ɗorawa mai duhu, babu fari babu kore. Akwai ɗan ɗumi a yatsunta, amma sabon rami yakan yi haka. Manaja yana tsaye a gefe yana latsa waya. Babu wani abincin a gonar, ta sani, shi ma ya sani. Ta kai hanci, ta rufe ido, ta tuna maganar tsohon da ya koya mata, ta jingina da ita.

"A ba su."

Shanu suka zo komi, suka sa baki, suka ɗaga kai. Wasu suka ture da hanci, suka koma gefe suna kallon mutane. A rumfa ta biyu, inda aka ware masu ciki guda goma sha biyu, rabin abincin ya kwana. Dogo ya ce, "Inna, yau 'yan matanki sun yi yaji." Ta ce sabon rami ne, za su saba.

Kwana uku ba su saba ba. Maimakon a tsaya a tambayi abin da ya sa dabba mai yunwa take ƙin abinci, sai Manaja ya sa aka kawo ruwan rake mai kauri da gishiri, aka yayyafa, aka cuɗa. Da zaƙi ya rufe, suka ci. Haka aka yaudari bayin Allah da ba su da bakin magana, aka ba su abin da suka riga suka ce ba sa so. Hanci tana tsaye tana kallo, ita ce ma ta riƙe bokitin.

A kwana na shida madara ta ja baya. Kashin shanun ya tsinke. Da rana, lokacin da ya kamata a tarar da su kwance suna tuƙa, sai a gan su tsaye cirko-cirko, kunnuwa a sake. Hanci ta daina cin abincin kirki. Ta fara zaɓen inda za a ɗiba, tana cewa a bar gefen bango, a bar sama, a ɗebi tsakiya, ko Allah zai sa a dace. Sau biyu tana zuwa ƙofar ofishin Manaja, ta ji muryarsa yana faɗa a waya, ta juya.

A kwana na tara, da hantsi, Dogo ya ƙwala mata kira daga rumfa ta biyu. Mai Tabo, saniyar da ta fi kowacce nono a gonar, ta yi ɓari a wata na bakwai. Ɗan maraƙin yana kwance a kan siminti, an gama halittarsa tsaf har da kofato, uwar tana lasarsa tana ƙugi ƙasa-ƙasa, tana jira ya motsa.

Dogo ya ɗauko buhu ya rufe shi. Bai kalle ta ba ya ce, "Hanci, shanun nan tun ranar farko suke gaya mana magana. Ke ba ki ji komai a ramin nan ba?"

Ta ce, "Me ka ji kai?"

"Ni mai tatsa ne. Nawa hancin kashin shanu ya gama da shi tun ina saurayi. Naki muke bi."

Saura masu ciki goma sha ɗaya. Ta ƙirga su da ido, ɗaya bayan ɗaya, cikkunansu sun yi rataya, wasu saura wata biyu, wasu saura sati shida.

Washegari da safe Likita ta zo, mace ce matashiya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta duba Mai Tabo, ta duba idon sauran da bakinsu, ta sa sanda ta tona kashi. Sannan ta tsaya a tsakar rumfa ta ce abu biyu take zargi. Ko wata cuta ce mai sa ɓari ta shigo garken, ko kuwa abinci ne.

Manaja ya yi caraf ya ce, "Abinci kam cire shi. Muna da wadda take dubawa kullum, tun kafin ki shiga makaranta take wannan aikin. Ba ta taɓa kuskure ba."

Likita ta ce, "To, idan kun tabbatar da abincin, zan ɗebi jini in aika. Sakamako zai ɗauki kwana goma. Kafin nan a ci gaba da ba su abin da suke ci, kada a canja musu, masu ciki ba sa son canji."

Kwana goma. A bakin rumfa ga baron safe nan an cika shi, an yayyafa ruwan rake yana sheƙi, Dogo yana riƙe da hannayensa, jira kawai yake a ce ya tura. Masu cikin sun fara matsowa komi saboda yunwa.

Manaja ya yafito ta. "Inna, zo ki nuna wa Likita. Shinshina mata a gabanta, hankalinta ya kwanta."

Ta tako. Gwiwar da ke mata ciwo ta riƙe, ta ja ta a haka. Ma'aikata sun taru, har masu wankin garwa sun leƙo. Ta cusa hannu a baron ta damƙo. Idan ta ce a ba su, Likita za ta ɗebi jini ta tafi, ita kuma ta ci gaba da zama Hanci, ko da na kwana goma ne. Idan ta ce a zubar, za a tambaye ta inda hancin yake tun kwana tara. Ta ma hango wata ƙofar: ta ce yau ne kawai ya juya, jiya lafiya yake. Manaja zai yarda, don ya fi son haka. Sai a kankare bakin ramin, a zubar da baro biyu, gobe a sake jeruwa a gabanta ana jiran ta faɗi abin da ba ta sani ba.

Ta kai ciyawar hanci. Ba ta rufe ido ba. Wata baƙar karsana mai cikin fari ta miƙo wuya ta saman ƙarfe tana lasar gefen baron.

Hanci ta buɗe hannu, ciyawar ta zube ƙasa.

"Dogo, janye baron nan daga bakinta."

Manaja ya ce, "Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

"To, Likita, kin ji ko? Babu komai."

"Ba haka na ce ba." Muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta shirya ba. "Na ce ban ji komai ba. Ba na jin komai. Wata biyar ke nan hancina a mace yake. Ko kalanzir ka zuba mini ban san shi da ruwa ba. Ramin nan ban taɓa jin warinsa ba, ko sau ɗaya. Na ce a ba su ne don ina tsoro."

Dogo ya saki hannun baro, ya ce, "Innalillahi. Haba, Hanci. Ko ni ba ki gaya wa ba?"

Wannan "ko ni" ta fi mata zafi a kan duk abin da Manaja ya faɗa bayan nan, kuma ya faɗa da yawa. Ya ce ta ci amana. Ya ce ta kashe masa maraƙi da gangan. Ya ce tsohuwar banza, munafuka, a gaban mutanen da ita ta koya wa riƙon shebur.

Likita ta juyo wurin Hanci. Ta ce, "Mama, zo ki nuna mini ramin. A kawo shebur."

Aka yaye leda har tsakiya. Likita ta sa aka haƙa ciki, ba baki ba, zurfin ƙugu. Shebur na shida ya fito da wani dunƙule kamar bulo, yana tururi. Ta fasa shi da ƙafa. Cikinsa shuɗi ne da fari, da jijiya-jijiya ja kamar nama. Aka ƙara haƙawa, aka sake samun wani, da wani. Ma'aikata suka ja baya suna toshe hanci. Hanci kaɗai ce ta tsaya a kansa, don ita babu abin da ya dame ta.

Likita ta tambayi yadda aka cika ramin. Manaja ya ce yadda aka saba. A nan ne Hanci ta juyo. Ta riga ta rasa abin da take tsoron rasawa, saura me?

"Ba yadda aka saba ba. Kwana huɗu masarar nan tana shan ruwa a fili. Na kawo maka goyo har ofis, ka ƙi ko taɓa shi. Mu biyar muka tattake. Da shanu suka ƙi ci, wa ya ce a zuba musu zaƙi? Nawa laifin na ɗauka, ga shi na faɗa da bakina a gaban kowa. Kai ma ɗauki naka, ɗan nan, ba zan goya maka shi ba."

"Ke kika ce tsami yana kashe komai!"

"Na faɗa. Haka aka koya mini."

Likita ta ce, tana ɗaure samfur a leda, "Ba ya kashewa. Fumfunar da ta kama masara tun a fili tana barin guba a ciki. Ko ita fumfunar ta mutu, gubar tana nan, tsami ba ya taɓa ta. Tana iya kasancewa har a inda ido ya ga tsaf." Ta dubi Hanci. "Da hancinki yana aiki, Mama, wataƙila kin ji warin fumfunar, wataƙila ba ki ji ba, tunda a ciki take. Ita gubar ba ta da wari. Wannan ba aikin hanci ba ne tun asali."

Ta hana a sake ba kowace dabba ko tafin hannu daga ramin. Ta ce madarar ma a zubar har sai ta ba da izini, don gubar tana bi ta nono. A ranar Manaja ya nemo motar busasshiyar ciyawa da dusa mai tsabta, abin da ya rantse babu shi a duniya sati biyu da suka wuce. Da sakamakon gwaji ya fito, guba ce, har iri biyu.

Kada a zaci an gode mata. An kai wa Mai Gona labari a kan gadonsa, aka faɗi rabin da ya shafe ta, aka haɗiye rabin da ya shafi ɗansa. Tsoho ya ce kada a kore ta, albarkacin daɗewa. Sai aka raba ta da ramuka, aka mai da ita wankin garwar madara a bayan ɗakin tatsa, da soso da ruwan sanyi, mace mai shekara hamsin da ciwon gwiwa. Sababbin ma'aikata suka daina sanin sunan da za su kira ta da shi, sai su ce "Inna" su yi shiru. Dogo ya yi sati uku ba ya gaishe ta. Shi kuwa wanda ya sa aka zuba ruɓaɓɓiyar masara a rami yana nan a ofishinsa, fanka tana kaɗa masa.

Daga wurin wankin ana hango rumfa ta biyu ta tsakanin bulo. Nan idonta yake wuni. A satin farko biyu suka ƙara yin ɓari, ta ga an fito da buhu sau biyu, ta ci gaba da dirzar garwa har fatar yatsunta ta saɓule. Daga nan abin ya tsaya. Suka koma tuƙa. Bayan sati biyar ta farko ta haihu, ɗa mai rai. Sai ta biyu, sai ta uku. Tana ƙirgawa a zuci, ba ta gaya wa kowa ba, har takwas.

Ta ƙarshe ita ce baƙar karsanar nan mai cikin fari. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Hanci ta ji muryar Dogo, karo na farko cikin makonni yana kiranta.

"Hanci! Bar garwar nan ki zo! Ba ya numfashi!"

Ta yar da soso. Ɗan maraƙin yana kwance jiƙe, ƙarami kamar ɗan akuya, harshe a waje. Uwar ta tsorata, ta koma lungu tana rawar jiki. Hanci ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ta sa yatsu ta kwashe majinar bakinsa, ta ce Dogo ya ɗaga ƙafafun baya. Ta damƙi busasshiyar ciyawa ta shiga murza haƙarƙarinsa da ƙarfi, tana yi tana masa faɗa. "Tashi, ɗan banza. Tashi mana. Duk abin da aka sha a kanka, a nan za ka ba mu kunya?"

Ya yi wani tari, ya ja iska, kunne guda ya motsa.

Dogo ya sauke shi a hankali, ya zauna daɓas a kan siminti yana haki. "Tara," in ji shi.

"Na sani. Ni ma ina ƙirgawa."

Daga bakin rumfa Manaja ya leƙo, waya a kunne. Ya ce motar madara ta kusa, garwa shida ba a wanke ba, me take yi a nan?

Ba ta ɗago ba. Tana tallafe da ƙirjin maraƙin, yana ta kokawar kafa ƙafafun gaba, suna zamewa.

"Sai ya tsaya da ƙafarsa ya kama nono," ta ce. "In kana sauri, soso yana cikin bokiti."